Wa Ya Faɗa Maka? Zangon Karatu Ɗaya a Hannun Malamin Rubutu a Damagaram

Labarinsa ya riga shi zuwa wurinmu. Tun muna layin rajista a shekarar farko ta lisans, wato digiri na farko, waɗanda suka riga mu shiga jami'a suke ja mana kunne a kan malamin da ke koyar da dabarun rubutu da bincike. Mai Jan Bik suke ce masa. Sun ce duk wanda ya samu 12 bisa 20 a wurinsa to ya fitar da sadaka, kuma rabin aji sai sun koma jarrabawar cike gurbi kafin su tsallake. Ni dai ban tsorata sosai ba, domin na fito daga lise, wato babbar sakandare, da maki mai kyau a Faransanci da falsafa, kuma malamaina na can sun sha karanta rubutuna a gaban aji.

Ya kamata in faɗi irin rubutun da muka zo da shi, don a gane abin da ya tarar. A lise an koya mana tsari guda: gabatarwa, sai ra'ayi, sai kishiyarsa, sai a sulhunta su, a rufe. Mun haddace jimlolin buɗewa da za su shiga kowane batu, irin su “tun fil azal ɗan Adam yake fama da kaza”. Mun haddace maganganun masana na Faransa guda goma sha wani abu, muna jefa su inda muka ga gurbi. Da wannan muka ci BAC, jarrabawar kammala lise, kuma ba na raina shi, ya koya mana jera magana. Abin da bai koya mana ba shi ne mu san wani abu da kanmu kafin mu ɗauki bik.

Ranar farko bai yi dogon jawabi ba. Ya ce zangon nan gaba ɗaya aiki ɗaya za mu yi, rubutu mai shafi goma, kuma batun dole ya zama wanda ɗalibi zai iya zuwa wurinsa da ƙafa ko da kabu-kabu. Za a miƙa aikin kashi-kashi: batu da tambaya, takardun karatu, hirarraki, rubutun farko da hannu, sannan na ƙarshe a kwamfuta, sai a tsaya gaban aji a kāre shi. Wanda ya makara da kashi ɗaya ba za a karɓi na gaba ba. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, in an ɗauke wuta fa?” Ya ce shi ya sa na farko da hannu ne.

Na zaɓi ruwa, domin duk wanda ya tashi a garin nan ya tashi da zancensa. Na rubuta a kan takarda: matsalar ruwan sha a Nijar. Ya dawo mini da ita da layi ɗaya a ƙasa, cewa Nijar ta fi shafi goma. Na mai da shi matsalar ruwa a Damagaram. Ya ce wannan kuka ne, ba tambaya ba, kuma kowace tsohuwa a unguwar Birni ta fi ni iya yin sa. A nan na fara jin zafinsa. Na bi shi bayan darasi har bakin mashin ɗinsa na ce, “Malam, ku yi haƙuri, ban gane abin da kuke so ba.” Ya tsaya ya tambaye ni nawa muke sayen bido ɗaya, wato jarkar ruwa, a gidanmu. Na faɗa. Ya ce a unguwar Kara-Kara fa? Na ce ban sani ba. Ya ce a watan Afrilu fa, da a watan Agusta, kuɗin ɗaya ne? Na ce a'a. Ya ce, “To ga abin da ba ka sani ba, kuma kana iya sani. Daga nan ake farawa.” Tambayata ta zama: me ya sa kuɗin bidon ruwa yake bambanta tsakanin unguwa da unguwa, da tsakanin bazara da damina, kuma wa ke ɗaukar nauyin bambancin.

Kashi na biyu shi ne takardun karatu. Duk abin da ka karanta, littafi ne ko rahoto, sai ka yi masa takarda guda: sunan marubuci, shekara, shafi, abin da ya faɗa a taƙaice cikin kalmominka, sannan a ƙasa abin da kai kake gani. In ka kwafi jimlarsa sai ka saka ta cikin baka biyu ka rubuta shafin. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan yawancinmu muka fara gunaguni. Littattafan da muke bukata kaɗan ne, kwafi ɗaya ɗalibai da yawa, sai a haɗa kuɗi a yi fotokofi a riƙa zagayawa da shi.

Amma a wannan kashin ne na fara sanin garin da aka haife ni a ciki. Na san duwatsun Birni tun ina yaro, mun hau su mun yi wasa, ban taɓa haɗa su da famfon gidanmu ba. Garin yana zaune ne a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa a ƙarƙashinsa, ruwan sama kuma bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba. Shi ya sa ake jawo ruwan daga nesa, daga Gogo da Machaya ta kudu, daga Aroungouza da Ganaram ta arewa. Na karanta littafin André Salifou na 1971 a kan daular Damagaram a ƙarni na 19, na ga yadda Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa, garin ya zama mahaɗar ayarin da ke tsakanin Kano da Agadas da Borno. Na bi tarihin har kashe hafsan sojan Faransa Cazemajou a 1898, da yaƙin Tirmini da Faransawa a 1899 lokacin Sarki Amadu Kuran Daga, da zaman Damagaram hedikwatar ƴan mulkin mallaka har 1926 da aka mai da ita Yamai.

A kan 1926 ɗin ne muka yi karo na farko mai tsanani. Na rubuta cewa rashin ruwa ne ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan. Haka na ji tun ina ƙarami, a fada, a gida, a bakin malaman firamare. Ya zagaye jimlar da ja ya rubuta: wa ya faɗa maka? Na je na ce masa kowa ya sani. Ya ce kowa ba shi da shafi. Ya ce ba ya musun ruwa yana cikin dalilan, amma in je in duba ko shi kaɗai ne. Da na koma karatu sai na ga ana kawo wasu dalilan tare da shi: Damagaram tana kusa da Kano, ƙasa da kilomita 250, cinikinta da zumuncinta duk suna kallon ƙasar da ke hannun Ingila, Yamai kuwa tana bakin kogi, kuma ta fi kusa da sauran ƙasashen da Faransa ke riƙe da su ta yamma da hanyar teku ta Dahome, wato Benin ta yau. Jimlata guda ta zama sakin layi, kuma ta daina cewa “shi ne dalili”, ta koma “yana cikin dalilan da ake kawowa”. Na ji kamar an rage mini ƙarfin magana a lokacin. Yanzu ina ganin sakin layin ya fi jimlar nauyi, domin babu wanda zai ture shi da tambaya ɗaya.

Haka aka yi da yawan mutanen gari. Na samu adadi biyu, ɗaya sama da 235,000, ɗaya sama da 320,000, duka an ce daga ƙidayar 2012 ne. Na ɗauki babban domin ya fi nuna girman matsalar. Bai ce ba daidai ba ne. Ya tambaya kawai me aka ƙirga a kowanne. Ashe ɗaya cikin gari ne zalla, ɗayan ya haɗa gundumomi biyar na birnin har da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, waɗanda da yawansu rijiya suke sha ba famfo ba. Ga tambayata, ƙaramin adadin ne ya dace.

Sai fita hira. Sharaɗinsa shi ne ka faɗa wa mutum ko kai wane ne da abin da za ka yi da maganarsa, kada ka rubuta sunansa sai da izininsa, ka rubuta rana da wuri, kuma kada ka gyara masa magana ta yi daɗi. Na fara da ƴan ga-ruwa da ke ɗiba a famfon unguwarmu a Zango. Da farko sun ɗauka ni ma'aikacin gwamnati ne ko na wata ƙungiya mai raba kaya, wani har ya ce in rubuta sunansa a gaba. Da na bayyana cewa ɗalibi ne ni, aikin makaranta ne, babu ko dala a ciki, wasu suka watse. Wani dattijo daga wajen Mirya ya ce, “Ɗana, in kana son sani, zo da asuba ka tura kura tare da ni.” Na je. Gani ya kori ji. Kafin rana ta fito an jera bido rawaya sun fi a ƙirga, famfon yana zuba siriri, kuma shi abin da yake sayarwa a gaskiya lokacinsa ne: a damina yana cika kura ya kai ya dawo sau da yawa, a bazara yana iya ƙare safiya a layi don kura ɗaya. Ga kuɗin hayar kurar da yake biyan mai ita kullum, ko ya samu ruwa ko bai samu ba. Bidon da muke saye dala biyar a lokacin sauƙi, na ga an saye shi dala ashirin a unguwar da ke kan tudu a tsakiyar zafi, kuma mai turawa bai koma gida da fiye da abin da ya saba ba.

Hirar da ta fi ba ni wuya ita ce ta cikin gidanmu. Malam ne ya tambaye ni wa ke tara ruwa a gidanmu in famfo ya zo. Na ce Inna. Ya ce ƙarfe nawa? Na yi shiru. Da daddare na zauna kusa da ita da kaye na ce, “Inna, tambaya zan yi miki ta makaranta.” Ta yi dariya ta ce yau kuma ita ce boko. Ta ce a bazara takan bar famfon a buɗe da bokiti a ƙasa, ta kwanta kusa da ƙofa don ƙarar ruwan ta tashe ta, wani lokaci biyun dare, wani lokaci uku, ta cika randuna da bido kafin ya ɗauke, sannan ta yi asuba ta ɗora koko. Shekaru nawa ina wanka da ruwan nan kafin in tafi lakwal. Ta ce haka duk matan layinmu suke yi, har sukan buga wa juna bango in ruwa ya zo. Wannan ya shiga shafi na bakwai, kuma shi ne wurin da ya fi ƙarancin jan bik a duk rubutuna.

Rubutun farko na yi shi cikin dare da fitilar waya, a lokacin zafi. Da ya dawo, shafi na ɗaya gaba ɗaya an ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Shi ne gabatarwata, wadda ta fara da cewa ruwa shi ne rayuwa kuma tun fil azal ɗan Adam ke neman sa. A gefe ya rubuta cewa aikin ya fara ne a shafi na biyu. Sauran shafukan cike suke da ƴan tambayoyi: nawa? yaushe? su wa? ka gani ko an gaya maka? Inda na rubuta “jama'a na shan baƙar wahala” ya ce in nuna wahalar, mai karatu zai sa mata launi da kansa. Inda na zargi hukuma da sakaci ya ce ko na je na tambaye su, in ban je ba to in rubuta abin da na gani kawai. Maki 7 ya ba ni.

Ranar ban ci abincin dare ba. Abin da ya sa na koma ofishinsa maimakon in haƙura shi ne na lura ya karanta kowane layi. A shafi na tara ya gano cewa kuɗin hayar kura da na rubuta bai yi daidai da na shafi na biyar ba. Mu fiye da ɗari ne a ajin, kowa da shafi goma na rubutun hannu. A ofis ya ajiye takardun gefe ya ce in gaya masa da Hausa, kamar ina gaya wa abokina a fada, abin da na gano. Na yi magana kamar minti biyu: cewa tsadar ruwa ba ga-ruwa ke jawo ta ba, layi da nisa da tudu ne, kuma wanda ba shi da famfo a gida ya fi mai famfo biya a kan kowace lita, ga shi shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Ya ce, “Ina wannan yake a cikin takardar nan?” Babu shi. Yana warwatse a wurare huɗu, an binne shi da manyan kalmomi. Ya ce in koma in sa shi a layin farko, sauran shafukan su zama hujjarsa.

Ba kowa ne ya ji da daɗi a hannunsa ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Wasu ƴan ajinmu sun kwaso shafuka daga intanet, ya gane tun daga jimlar farko, ya karanta musu asalin daga wayarsa, ya ba su sifili. Wannan ban ga laifinsa ba. Inda raina bai kwanta ba shi ne dokar makara. Akwai wata ƴar ajinmu mai goyo, daga Magarya, wadda ɗanta ya kwanta zazzaɓi a makon miƙa hirarraki. Ta zo da aikinta washegari, cikakke, ya ƙi karɓa. Delegen aji ya je ya roƙa, ya ce in ya buɗe ƙofar ga mutum ɗaya ba zai iya rufe ta ga ɗari ba. Na fahimci tsoronsa, domin mun san yadda alfarma take cinye doka a wurinmu. Amma har yau ina ganin malamin da ya iya gano kuskuren dala biyu tsakanin shafi biyar da tara zai iya bambance uzurin gaskiya da na ƙarya. Ta koma jarrabawar cike gurbi ta ci, sai dai ta rasa damar tsayawa gaban aji da aikin da ta yi a kan masu saƙar tabarma, wanda na karanta kuma ya fi nawa. Haka kuma ɗaliban da ke kabu-kabu da yamma don su ci abinci, ko waɗanda bursi bai zo musu ba, kuɗin buga shafi goma da sake bugawa ba ƙaramin abu ba ne gare su. Tsananin ɗaya ne a kan kowa, amma ba kowa ne ya shigo da ƙarfi ɗaya ba.

Rubutu na biyu ya ɗauke ni tsawon lokaci fiye da na farko. Babana tela ne a kusa da kasuwar Dole, kuma tun ina yaro na san in hannun riga ya karkace ba ya ɗora wani ɗinki a kai, farke shi yake yi har ƙasa ya sake. Haka na yi da aikin. Na yanke gabatarwar, na fara da abin da na gano. Na koma Kara-Kara da Garin Malam na sake tambayar kuɗin bido, wannan karon da rana da sa'a a rubuce. Na je ofishin masu ruwa, wani ma'aikaci ya karɓe ni da mutunci ya bayyana mini yadda ake juya ruwa tsakanin unguwanni in bai isa ba, da yadda ɗaukewar wuta ke tsayar da injinan da ke turo shi daga nesa. Wannan bayanin ya canza sakin layi biyu da na riga na gama. Malam ya koya mana mu karanta rubutu da ƙarfi kafin mu miƙa, duk jimlar da numfashi ya ƙare kafin ta ƙare a raba ta. Ni da abokai biyu muka riƙa yin haka a fadarmu bayan isha, ana dafa shayi, kowa ya karanta nasa sauran su tare shi da “wa ya faɗa maka?” Sauran ƴan fadar da ba ɗalibai ba ma suka shiga, kuma wani makaniki a cikinsu ne ya nuna mini cewa na manta masu amalanken jaki da ke kawo ruwa daga rijiyoyin bayan gari.

Ranar kāriya minti goma aka ba kowa, biyar na bayani, biyar na tambayoyi. Ya tambaye ni ƴan ga-ruwa nawa na yi hira da su, kuma ko adadin ya isa in yi magana a kan gari gaba ɗaya. Na ce bai isa ba, shi ya sa na rubuta cewa abin da na gano na unguwanni uku ne a bazara ɗaya. Ya gyaɗa kai ya wuce tambaya ta gaba. Ya tambayi abin da zan ƙara in an ba ni wata shida. Na ce zan bi kura ɗaya daga bazara har kaka in rubuta shigarta da fitarta kullum, kuma zan yi hira da mata fiye da yadda na yi, tunda su ke tashin dare.

Da aka liƙa sakamako na samu 13. A takardar da ya mayar mini akwai sauran ja a shafi na huɗu da na takwas, da tambaya guda a ƙarshe a kan masu amalanken jaki, cewa daga wace rijiya suke ɗiba kuma wa ke da ita. A shekara ta uku, da aka ce kowa ya nemi malamin da zai duba masa kundin kammala lisans, na kai masa takardata da wannan tambayar a matsayin batu, ya karɓa, ya ba ni ranar da zan kawo takardun karatu na farko.